Tukunyar Mama Odessa a But

Cleon Pettway bai taɓa kukan rashin ƙarfin inji ba. Idan ya tada tsohuwar motarsa Malibu da safe, har karnukan ƙetaren titin jirgi sai sun amsa. Matsalarsa ɗaya ce, tashi daga layin tsere. Da zarar fitila ta nuna kore ya taka totur, sai tayoyin baya su kama juyawa a wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, motar tana ihu tana karkaɗa gindi, abokin karawa kuwa tuni ya yi nisa.

Abokin karawar nan ba kowa ba ne illa Roscoe, ƙanin matarsa Verlene, mutumin da Allah ya hore wa baki. Kowace shekara, ranar da cocinsu ke suyar tarwaɗa a filin tsere na bayan gari, su biyun sai sun kara. Wanda aka kayar shi zai ɗaura ƙyallen girki mai furanni ruwan hoda na Mama Odessa, surukar Cleon, ya yini yana raba wa jama'a abinci. Cleon ya ɗaura ƙyallen nan har yaran coci sun ɗauka nasa ne.

Bana sai ya ɗauki abin da zafi. Ya sa shokozoba masu laushi a gaba don hancin motar ya riƙa ɗagawa, ya canza sifirin ɗin baya, ya rage wa tayoyi iska. Duk wannan daidai ne. Inda ya kauce hanya shi ne da ya yanke wa kansa hukunci cewa nauyi ne babban maƙiyinsa. Ya fitar da safaya da jak. Ya ɓamɓare kafet. Daga ƙarshe ya kwance kujerar baya ɗungurungum ya jingine ta a gareji, wato kujerar da Mama Odessa take zama duk Lahadi tun rasuwar mijinta. Tsohuwa sai ta koma bin bas ɗin coci.

Abin haushi, duk abin da ya cire sai tayoyin su ƙara zamewa. Shi kuwa gogan naka sai ya ce ai bai cire da yawa ba ne. Har burodin masara ya daina ci, don shi ma ya rage nauyi.

Verlene ta same shi a gareji, ta riƙe ƙugu.

"Cleon, uwata da ciwon gwiwa tana hawa bas, kujerarta kuma kyanwa na kwana a kai. To ka ji, bana ce ta ƙarshe. Ko ka ci ko a ci ka, motar nan ta gama tsere."

Bai yi musu ba, don ya san muryar. Amma hankalinsa ya tashi ƙwarai. Idan Roscoe ya sake kayar da shi, shi ke nan, har ya tsufa sunansa mai ƙyallen furanni.

Ranar Asabar ɗin tseren da safe yana goge gilashi, sai ga Mama Odessa da sandarta, maƙwabta biyu na biye da ita suna nishi da tukunyarta. Tukunyar ƙarfe ce baƙa ƙirin, wadda ake dafa faten masara da kaza na coci guda a ciki, ta kai nauyin ƙaton mutum.

"Ɗana, motar da za ta kai ta filin tsere ta tafi ɗauko ƙanƙara. Buɗe but ɗin motarka."

"Mama, ai yau ne…"

"Na san yau ne. Buɗe."

Ya buɗe. Ta tsaya a kansa sai da ya ɗaure tukunyar tamau da kaca da igiyoyin kaya, ta zungure ta da sanda ta ga ko motsi ba ta yi. Ya tafi yana lallashin zuciyarsa cewa da isarsa zai sauke.

Ashe layin shiga ya yi tsawo. Ko fakin bai gama ba lasifika ta kira sunansa da na Roscoe. Ya diro ya ɗaga but, ya waiga neman wanda zai kama masa, duk maza sun tafi bakin shinge. Mutum ɗaya ne a kusa, jingine da jar motarsa yana cin gyaɗa.

"Roscoe, don Allah zo kama min."

Roscoe ya leƙa but, ya fashe da dariya har gyaɗa ta sarƙe shi.

"Mijin Yaya, ashe da kayan aikinka ka zo! Ƙyallen fa, yana ciki?"

"Bar wasa, autan Mama. Tukunyar uwarka ce fa."

"Shi ya sa ba zan taɓa ba. Inda ta sa abu, ni wa in cire? Bayana ma ciwo yake."

Mai duba motoci ya zo ya girgiza kacar, ya ga ba ta motsi, ya ɗaga kafaɗa ya ce su hau layi.

Cleon ya ɗan murza tayoyin don su yi ɗumi, ya matsa kan layi jiki a sanyaye. Ta gefen ido yana ganin Roscoe yana kwatanta masa juya miya da ludayi. Fitilu ruwan ɗorawa suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Kore ta kama, ya taka.

Babu hayaƙi, babu kukan taya. Gindin motar ya zauna daram, hancinta ya ɗaga sama, kujera ta doke shi a baya har haƙoransa suka haɗu. Da farko tsoro ya ji, ya zaci wani abu ne ya karye. Sai ya duba dama bai ga jar mota ba. Ya duba madubi, ga ta can tana ta fafutuka. Roscoe ya taso masa da ƙarfi wajen ƙarshe, amma kafin ya kamo shi sun wuce layi, Malibu na gaba da tsawon ƙofa guda.

Cleon ya yi ta ihu shi kaɗai a mota yana dukan sitiyari. Sai da ya juyo a hankali ta hanyar dawowa abin ya faɗo masa. Wata da watanni yana kwashe nauyi daga kan tayoyin da ke neman abin da zai danne su a kwalta. Kunya da daɗi suka haɗu suka rufe shi.

Maza huɗu suka yi rububin sauke tukunya, ana ta shafa ta. Verlene da kanta ta ɗaura wa ƙaninta ƙyallen, ta yi masa ƙulli mai kyau a baya.

"A sake! Ai wannan mu biyu da tukunya muka kara!" in ji Roscoe.

"An roƙe ka ka sauke ta, ka ce bayanka," in ji Verlene. "Zuba wa mijina kifi, ka zaɓo mai tsoka."

Cleon ya karɓi farantinsa, ya ɗora burodin masara har biyu, ya je ya durƙusa gefen kujerar Mama Odessa a inuwar rumfa.

"Mama, kin ga tashin nan kuwa? Wallahi tukunyarki ce."

Tsohuwa ta ci gaba da cire ƙaya daga kifinta.

"Ni ban san kan mota ba, ɗana. Amma motar nan ba ta saba tafiya babu kowa a baya ba."

Cleon ya sunkuyar da kai. Da yamma, tun kafin a gama wanke-wanke, aka neme shi aka rasa. Yana gareji ya kori kyanwa, yana ɗaure notunan kujera yana fito, don gobe Lahadi.