Sulusin Giyabos

Ranar da Fijon Amidu ta fara taka titi da ƙafafunta, rabin Zangon Salaga sai da ya fito kallo. Shekara da shekaru mutane suna ganinta a ɗage kan bulo ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gidansa, har masu tallar koko suka mayar da ita abin kwatance: in ka wuce matacciyar motar mai doya, sai ka karya dama. Fijo 404 ce, tsohuwar yayi, da kaɗan Amidu ya girme ta. Ya saye ta a hannun wani mai awon gyaɗa da ya mayar da ita rumbu.

Amidu dillalin doya ne, bai taɓa koyon gyaran mota a gareji ba. In ya taso daga kasuwa da la'asar sai ya tuɓe riga, shi da amininsa Awudu fita, makanikin unguwa, su kwance wannan su ɗaura wancan. Da hannunsa ya kankare tsatsa, ya sake wa kujeru fata, ya yi mata fenti ruwan madara. Inji ya tashi tun bara. Giyabos, wato akwatin giya, shi ne ya gagara. Nata haƙoransa sun cinye, kuma irinsa, mai sandar giya a jikin sitiyari, an neme shi daga Tamale har Kumasi an rasa.

A Yendi aka dace. Wani direba ya ba shi labarin irin motarsa a ƙarƙashin mangwaro, a gidan marigayi Alhaji Karimu wanda ya yi zamani yana jigila da ita. Ɗan marigayin, Iddi, tela ne mai fara'a. Ya ce wa Amidu, “Yaya, ɗauki abin da kake so. Kaji ne kawai ke amfana da ita.” Da Amidu ya kwance giyabos ɗinta ya sa hannu a aljihu, Iddi ya rantse ya ce in ya sake sai su ɓata.

Shi ya sa tafiyar farko da motar ta yi mai nisa ta zama ta godiya. Amidu ya cika but da doya, ya ɗaure zabbi biyu, ya bi ta Bimbila. Duk giyar da ya ja sai ta shige sumul, shi kuma ya yi wa Iddi addu'a, ya yi wa Alhaji Karimu da bai taɓa gani ba.

Iddi ya zagaya motar yana shafa ta kamar dokin aro. Ya shiga ya zauna, ya shaƙi ƙamshin kujera, ya girgiza kai.

“Wallahi kamar ta Baba ranar da ya kawo ta. Da Yaya Abibata ta ga wannan sai ta yi kuka.”

“Kana da yaya?”

“Tana Bawku, can ta yi aure. Mu biyu Baba ya bari.”

Amidu ya juyo ya dube shi. “An raba gado kuwa?”

Iddi ya yi dariya. “Me za a raba? Gida ina ciki, mota ga ta nan kaji na ciki. Mace mai shagon hatsi, me za ta yi da tsohon ƙarfe?”

“Ta san ka ba ni?”

“Haba Yaya. Rabon da mu yi doguwar magana da ita tun sadakar arba'in.”

A hanyar dawowa motar ba ta canja ba, amma hannun Amidu ya yi nauyi a kan sandar giya. Lissafin ba mai wuya ba ne, ko a makarantar dare an koya musu: namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Iddi ya ba shi abin da yake nasa, da zuciya ɗaya, Allah ya saka masa. Amma sulusin wannan ƙarfe da ke juyawa a ƙarƙashin ƙafarsa na wata mata ce da ba ta san da shi ba a duniya.

Matarsa Rukaya ta saurare shi tana tankaɗe. Ta san mijinta. Mutum ne da zai kwana uku yana tunanin ko ya halatta ya sha inuwar bishiyar maƙwabci.

“To giya nawa ne a ciki?” ta tambaya.

“Huɗu, da ribas.”

“Ka bar mata ribas ɗin mana. Ka daina komawa da baya, shi ke nan kun rabu lafiya.”

Awudu fita, da ke zaune bakin ƙofa yana shan shayi, ya ƙware don dariya. Da ya dawo daidai ya ce, “Karɓi lambarta wurin Iddi ka kira ta. Minti biyu an gama.”

“A waya mutum yakan ce na yafe don a bar shi ya koma kan aikinsa.”

“To shiga motar ka je. Ta ga yadda ka gyara ta, ta ji sanyi, ta sa albarka.”

“Nan ne matsalar,” in ji Amidu. “In na tsaya ƙofar shagonta da wannan mota tana ƙyalli, jama'a sun taru, da wane baki za ta ce a'a? Kunya ce za ta ba ni, ba ita ba. Kuma kafin in isa Bawku na ƙara cin haƙoran abin da ba nawa ba.”

Awudu ya ajiye kofi a hankali. “Amidu, kada ka faɗi abin da nake zato.”

“Kawo sifanu gobe, mu kwance shi.”

“Ni na ɗaura shi da bayana mai ciwo! Ka san nauyinsa kuwa?”

“Na sani. Zan ƙara sani a hanya.”

Haka aka yi. Motar ta koma kan bulo, masu koko suka samu kwatancensu ya dawo. Aka tsiyaye mai, aka naɗe giyabos da tsumma, aka zura shi a buhu. Amidu ya hau bas zuwa Tamale, daga nan Bolga, daga nan Bawku. A wani shinge soja ya sa aka kwance buhun, ya leƙa, ya dubi Amidu, ya sake leƙawa.

“Sayarwa za ka kai?”

“A'a. Tambaya zan kai.”

Sojan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga hannu aka wuce.

Shagon Hajiya Abibata ba ya ɓata a kasuwar Bawku. Buhunan gero da wake sun kai rufi, 'yan dako na shiga da fita, ita kuma tana zaune kan kujerar roba da waya biyu a cinya, tana yi wa wani faɗa da Mosanci, tana amsa wa wata da Kusasanci. Ta kai sittin, doguwa, idonta irin na Iddi amma babu dariyar. Amidu ya sa mai keken dako ya sauke buhun a gabanta, ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi sunansa da garinsa. Ta sa aka kawo masa ruwa.

“Mutumin Salaga, in doya ce wannan, to ta ruɓe. Warin baƙin mai take yi.”

Ya kwance bakin buhun. Ya ba ta labari tun daga farko, bai ƙara ba bai rage ba, har tafiyar Yendi da ya riga ya yi a kan ƙarfen. Bai ce motarsa ta yi kyau ba. Bai nuna mata hoton da ke cikin wayarsa ba, ko da yake yatsansa na ƙaiƙayi.

“Iddi ne ya aiko ka?”

“A'a, Hajiya. Bai ma san na zo ba.”

“Kuma a jikin motarka ka ciro shi? Tana tafiya ka ciro?”

“Tana tafiya.”

Ta sunkuya ta taɓa ƙarfen da yatsa ɗaya, ta dubi baƙin da ya shafar mata. Wayarta ta yi ta ƙara, ba ta ɗauka ba.

“Tun da Baba ya rasu,” ta ce, “babu wanda ya tambaye ni ko cokali a gidan nan. Yau an tambaye ni, kuma baƙo ne.” Ta goge yatsan a gefen buhu. Ta kira 'yan dako biyu. “Ku kai shi bayan waken can, kada a ɗora masa kaya.”

Amidu ya jira sauran maganar. Ba ta zo ba. Ta sa aka kawo masa tuwo da miyar kuka, ta tambayi lafiyar iyalinsa da farashin doya a Salaga, ta haɗa shi da ɗan ƙullin wake ya kai wa matarsa. Da ya miƙe ta ce, “Allah ya kiyaye hanya, Malam Amidu.”

A cikin bas ne ya kama kansa. Ashe duk wannan ɗawainiya da ya yi don a'a ta zo mata da sauƙi, a can ƙasan ransa ya tabbata i za ta ce. Ya ɗauko buhun ne yana jiran a yaba masa a mayar masa. Ya ji haushinta daga Bawku har Bolga, ya ji haushin kansa daga Bolga har Tamale. Kafin Salaga ya huce. Matar nan kayanta ta riƙe, ba ta zalunce shi ba, har abinci ta ba shi. Kuma ya taɓa tuƙa motarsa zuwa Yendi ya dawo, abin da shekaru yana roƙo. Wannan ma ba shi ya ba kansa ba.

Awudu bai raga masa ba. Kullum ya wuto sai ya leƙo ta katanga. “Malam mai tsoron Allah, yaya mota? Ko in kawo jaki ya ja ta?” Amidu yakan tayar da injin duk Juma'a don kada ya daskare, ya saurare shi yana kaɗawa a tsaye, ya kashe. Damina ta shigo ta yi nisa.

Ranar wata kasuwa, sabuwar doya ta fara fitowa, Rukaya ta aiko masa cewa ya zo gida yana da baƙi. Ya tarar da babbar motar hatsi ta toshe lungunsu. Hajiya Abibata na zaune kan tabarma a tsakar gida. Iddi na gefe yana sosa ƙeya. Buhun na jingine da ƙafar Fijo.

“Wannan ƙarfe naka ya yi aiki,” ta ce bayan gaisuwa. “Na kira wannan ƙanen nawa na ce kayanmu yana wurina, in yana so ya zo. Ya zo. Mun yi faɗa, ya yi kuka.”

“Yaya, ke ma kin yi.”

“Rufe min baki. Muka koma Yendi, aka kira liman da dattawa, aka raba komai yadda Allah ya ce. Na bar masa gida ya zauna, kasona yana nan da sunana. Motar kuwa na ce a sa ta a nawa, ita da kajinta.” Ta juyo ga Amidu. “Ranar da ka zo, ban san yadda ake kyauta da sulusin abu ba. In na ce na ba ka, ƙarasa kyautar Iddi kawai na yi. Yanzu duka nawa ne. Na ba ka. In akwai wani abu a jikin waccan da kake bukata, je ka kwance.”

Amidu ya matso gabanta. Ya durƙusa. Rukaya ce ta yi godiyar a madadinsa, ta yi ta mai tsawo, shi yana ta cewa amin.

Aka aika wa Awudu. Ya iso yana mita, ya ga buhun, ya ce shi wannan giyabos ya fi shi yawon duniya. Suka shiga ƙarƙashin mota shi da Amidu, Iddi na miƙa musu sifanun da ba su aka nema ba. Hajiya ta ƙi shiga ɗaki. Ta zauna kan benci ita da Rukaya suna cin gasasshiyar doya da manja, idonta na kan aikin. Sai bayan la'asar aka sauke motar daga bulo, aka matsar da motar hatsi daga lungu.

Amidu ya buɗe mata ƙofar baya. Ta wuce shi ta buɗe ta gaba, ta matso har tsakiyar kujera.

“Nan nake zama ina yarinya,” ta ce. “Iddi amai yake yi a mota, ni Baba ke ɗauka. Shi ya taka kuloci, ni in ja giya. Har Tamale haka muke zuwa. Ka iya takawa?”

“Zan gwada, Hajiya.”

Ya tayar da inji. Ta kama sandar da hannu biyu ta jawo, giyabos ya yi wata ƙara da ta sa Awudu dafe kai a waje.

“Ba ni ba ce,” ta ce. “Taka sosai, Malam Amidu, har ƙasa.”

Ya taka har ƙasa. Ta sake ja, giyar ta shige. Motar ta gangara ta fita lungu, ta hau titin Tamale. Amidu ya saurari injin yana ɗagawa, ya ce, “Ta biyu.”

“Na ji,” in ji ta. “Taka.”