Rabin Kofin Shayin Mai Agogo

"Baba, tun yaushe rabonka da abinci?" ma'aikaciyar jinya ta tambaya, biro a hannu.

"Ƙarfe takwas da minti goma na daren jiya," in ji Mai Agogo. "Gyaran agogo ne sana'ata, 'yata, ba na kuskuren lokaci."

"Abin sha fa?"

"Ruwa. Kofi ɗaya, ƙarfe shida, kamar yadda takardarku ta ce."

Maƙwabcinsa Kafinta yana tsaye a ƙarshen gadon, riƙe da takalman tsohon. Shekara ashirin shagunansu na jingine da juna, kuma shi ya kawo shi asibiti a motarsa. Shi ne ma ya karanta musu takardar nan da bakinsa: ruwa zalla ko shayi marar madara, har zuwa awa biyu kafin aikin tiyata, ban da madara ko kaɗan. Amma ɗazu, ƙarfe takwas da rabi, suna cikin cunkoson motoci, ya hango ta madubi matar Mai Agogo ta buɗe fulas ta zuba wa mijinta shayi, fari sol da madara. Aikin kuwa ƙarfe goma ne.

Mai Agogo ya dube shi, ya ɗaga gira ɗaya. Matar ta sunkuyar da kai, ta matse jakarta a cinya. Kafinta ya buɗe baki, ya mayar ya rufe.

Ma'aikaciyar ta ɗaure hannun tsohon, ta sa allura. "Ka ga jijiya ta fito sarai. Ruwan nan ya yi maka amfani. Masu zuwa a bushe sai mun yi ta lalube, ana sa musu maganin barci kuma jininsu ya sauka."

Tana fita, Kafinta ya matso.

"Yaya, a gaya musu."

"A gaya musu me? Rabin kofi?"

"Da madara fa."

"Shayi ba madara ai ruwan wanke kofi ne. Shekara arba'in ban taɓa shan irinsa ba." Ya rage murya. "Sau biyu suna ɗaga mini aikin nan. Ka taɓa zama a benci da ciwon ƙaba? Wata uku ban iya sunkuyawa kan agogo ba. Ka yi magana su ce sai wani watan, wallahi kai za ka riƙa goya ni."

"Leɓensa ne ya bushe," matar ta ce a hankali. "Kurɓa uku ya yi."

"Huɗu," in ji Mai Agogo, yana dariya. Ya kwance agogon hannunsa ya miƙa wa Kafinta. "Riƙe mini. Minti arba'in suka ce. Ka duba ko suna da alkawari."

Ƙarfe goma daidai aka tura gadon, ƙofa mai ganye biyu ta rufe a bayansa.

Kafinta ya zauna a bencin baranda, agogon a tafin hannunsa. Goma da minti biyar. Ya ce wa kansa ai tsohon ya fi shi sanin cikinsa. Goma da minti tara. Ya tuna yadda madara ke dunƙulewa in ta kwana a kofi. Goma da sha biyu ya miƙe, ya buga ƙofar da ƙarfin da yake buga ƙusa.

Ma'aikaciyar ta leƙo.

"Ya sha shayi da madara. Takwas da rabi. Na gani da idona."

Ta juya da gudu. Kafin ƙofar ta gama lilo, ya ji wata na'ura tana zuƙa, ya ji ana kiran wani da ƙarfi. Mutum biyu suka wuce shi da sauri suka shiga.

Sai bayan awa ɗaya likitan da ke sa barci ya fito, ya zauna kusa da Kafinta da matar.

"Ruwa ba ya daɗewa a ciki, cikin awa biyu ya wuce. Madara kuwa ciki abinci yake ɗaukarta, tana iya kai awa shida. Da barci ya ɗauke shi, abin da ke cikinsa ya taso, wani ya gangara huhu. Mun zuƙe abin da za mu iya. Yanzu na'ura ke taya shi numfashi."

"Da na faɗa da wuri fa?" Kafinta ya tambaya.

Likitan ya dube shi. "Da mun jira zuwa la'asar."

Kwana uku suna leƙensa ta gilashi. A na huɗu, da hantsi, rai ya yi halinsa, aka zare na'urar.

A hanyar komawa gida matar tana kujerar baya, inda suka zauna ita da mijinta ranar nan.

"Ni na zuba," ta ce.

"Ni kuma na gani," in ji Kafinta.

Bayan mako guda ya fito da tsumma da bokiti zai share motar. Shagon Mai Agogo a kulle yake, agogunan bangon da ake hangowa ta taga duk sun tsaya, kowanne a nasa lokacin. Da ya zura hannu ƙarƙashin kujera, sai ya taɓo murfin fulas ɗin, wanda ake shan shayi da shi. Wani farin zobe ya bushe a gindinsa.

Ya zauna a bakin ƙofar motar, murfin a gwiwarsa. A aljihun rigarsa agogon yana ta bugawa.