Titinmu Ne Na Ƙarshe

"Ajiye wayar nan, Bernice."

Na ɗauka barci take yi. Ashe idonta biyu, tana kallona daga gadon da aka kafa mata a falo, kusa da taga.

"Ofishin masu share titi kawai zan kira, Loretta. In roƙe su su fara da namu."

"Na ji ki sarai. Huhuna ne ya lalace, ba kunnena ba."

Tun da asuba dusar ƙanƙara take sauka, zuwa hantsi ta kai gwiwa. Joanne, 'yarta tilo, ta sauka a filin jirgi, mil ashirin daga nan, amma babu motar da ke iya fita. Nas ɗin da ke jinyar Loretta kuwa ta riga ta ja ni kicin ta gaya mini da wuya ta kai faɗuwar rana.

Shekara talatin da huɗu muna maƙwabtaka a Titin Juniper. Ni ina koyarwa a firamare, ita kuma Loretta Havlik ta yi shekara goma sha biyu tana magajiyar garin Port Alden, daga nan ta yi sha takwas a Majalisar Wakilai a Washington. Da ta fara shiga ofis, ta tarar motocin share ƙanƙara suna farawa ne da unguwar masu hali da titin shugaban gari, ma'aikatan masana'anta da ke gangaren tafki kuwa sai su kwana biyu a toshe. Ta ɗauki biro ta juya jerin: asibiti, makarantu, gangare, sannan sauran gari. Titin da take zaune ta sa shi a can ƙasan takarda. Mutum huɗu suka hau kujerar magajin gari bayanta, babu wanda ya taɓa jerin. Mu maƙwabtanta mun sha yi mata gunaguni, shebur a hannu.

"Yau kaɗai," na ce. "Saboda Joanne."

"Akwai mai naƙuda a gangare yau, ko mai ciwon zuciya. Kullum akwai. Ke da kika ƙare rayuwarki kina hana yara tsallake layi?"

Na fita baranda na kira duk da haka. Gus Tarnowski, shugaban direbobin, shi ya ɗauka. Ya haura hamsin yanzu, amma ni na koya masa karatu a aji uku.

"Malama, ita ce ta ce a yi?"

"A'a," na ce.

"To kin gani. In na shigo titin nan kafin lokacinsa, daga kan gadon za ta taso ta kore ni daga aiki." Na ji ya ja numfashi. "Zuwa yaushe nas ta ce?"

"Kafin rana ta faɗi."

"A irin wannan ƙanƙarar, sai gobe da safe za mu iso wurinku." Ya kashe wayar.

Da na koma ciki ta dube ni. "Kin kira shi."

"Na kira."

"Ya ƙi?"

"Ya ƙi."

"Madalla," ta ce. "Kunna mini rediyon can."

Tsohuwar rediyo ce da ke kama maganganun direbobin gari, tun zamanin da take ofis. Na kunna, na zauna. Da farko muryoyi biyar ko shida ne. Wajen sha biyu sai na fara jin waɗansu.

"Wa nake ji haka? Kai tsoho, ba ka yi ritaya ba?"

"Rufe mini baki ka matsa gefe. Tun kana rarrafe nake share Titin Tasha."

"Wa ya ba ka mota?"

"Surukinka."

Direbobin da suka yi ritaya ne suka fito taya aiki, da waɗanda ke hutu, da wani mai gidan gona da ya zo da tarakta. Babu wanda ya ambaci sunanta. Duk wanda ya gama titi sai ya faɗi sunan titin, Gus ya ba shi na gaba. Na lura leɓɓan Loretta suna motsi. Kafin Gus ya faɗi titi na gaba, ta riga shi. Matar da tun jiya ba ta iya tuna ko ta sha magani ba, ga ta tana bin tituna ɗari biyu da wani abu, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɓata ko guda ba.

Ƙarfe uku numfashinta ya fara yankewa. Nas ta dube ni, ta dubi agogo.

"Hanyar filin jirgi an gama," wata murya ta ce. "Ina da fasinja."

Ƙarfe huɗu da minti goma gilashin taga ya fara rawa. Na leƙa. Motoci goma sha ɗaya ne a jere, suna tura ƙanƙara gefe, taraktar tana biye. Joanne ta diro daga ta farko, ko jakarta ba ta tsaya ɗauka ba.

"Mama!"

Loretta ta kama hannunta ta riƙe, ta daɗe tana kallon fuskarta. Sannan ta mai da ido bakin ƙofa, inda Gus yake tsaye, hularsa a hannu, takalmansa suna jiƙa mata darduma.

"Gangare fa?"

"An gama, ranki ya daɗe. Kaf garin. Ku ne na ƙarshe."

"Ka goge ƙafarka," ta ce.

Ba ta sake magana ba. Ta cika kafin ƙarfe biyar, hannunta cikin na 'yarta.

Na fita in gaya musu, amma ba sai da na buɗe baki ba. Sun kashe injuna, kowa yana tsaye gefen motarsa. Fitilun da ke saman motocin kaɗai suke juyawa, kuma sabuwar ƙanƙara ta fara kwanciya a hankali a kan baƙin kwaltan da suka share.