Na Koma Bakin Aiki a Gado Mai Lamba Shida

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya, goma sha biyun ƙarshe ni ce shugabar nas-nas a ɗakin mata. A bayan idona suna kirana Ba-a-haka, don kalmar da ta fi zama a bakina ke nan. Da na yi ritaya sai na mayar da mulkin gida, inda majinyatana su ne mijina da duk wanda tsautsayi ya sa ya yi tari a gabana.

Ina da shekara saba'in da huɗu na zame a banɗaki, ƙashin ƙuguna ya karye. Abin haushin, shimfiɗar robar da ke hana santsi ni na ɗauke ta da hannuna na shanya, wai wankin da aka yi mata bai yi mini ba.

Aka yi mini aiki, aka kwantar da ni a gado mai lamba shida, can lungun da ba taga. Washegari na farka garau. Na gyara wa wata nas yadda take naɗe zanen gado, na sanar da likita cewa kwana biyar zan yi in tafi. Likitar, wata siririya da ba ta wuce sa'ar autata ba, ta ce Allah ya sa. Na sallami 'ya'yana kowa ya koma aikinsa, na ce asibiti ba ni za a nuna wa hanya ba. Tabarauna da na'urar kunnena na ba babbar 'yata ta kai gida, don na san yadda ƙananan kaya ke bin zanen wanki su ɓace. Ruwa kuma na rage sha, saboda ba na son a kawo mini tasar fitsari a gado. Ni da na tsufa ina yi wa tsofaffi faɗa a kan wannan.

Daga nan yawancin labarin ji na yi a bakin mutane. Rana ta uku wai na yi tsit, barci kawai, a ajiye abinci a ɗauke. Kowa ya ce Mama tana hutawa. Har wata nas ta ce ashe Ba-a-haka tana da sauƙin kai.

Rana ta huɗu da hantsi na koma bakin aiki. Na fizge ƙarin ruwan da ke hannuna, na nemi sauka da ƙugu mai ɗinki, na ce lokacin zaga majinyata ya yi. Na juya na tambayi tsohuwar da ke gado na biyar wa ya ba ta izinin kwanciya a lokacin aiki. Ana haka mijina ya shigo da kwando a hannu. Na dube shi sama da ƙasa na ce:

"Malam, lokacin ziyara bai yi ba. Fita."

Ya kuwa fita. Daga baya ya ce ya san ba daidai nake ba, amma sabo na shekara arba'in da takwas ne ya ja ƙafarsa.

Mutanen ɗakin abin dariya suka gani. Abin da ni na riƙe daga kwanakin nan tsoro ne. Fuskoki ba ido ba hanci, muryoyi kamar daga cikin rijiya, bango yana tafiya da tururuwa. Na sakankance wata majinyaciya ta ɓace a hannuna, kuma ni za a tambaya. Ita nake nema, suna danne ni.

Aka kira 'ya'yana. Babbar ta fashe da kuka, ɗana ya ce shi ke nan, gigin tsufa ya sauka. Likitar ta jawo kujera ta zauna dab da ni, ta ce in faɗi ranakun mako daga ƙarshe zuwa farko. Na ce ni ke yin wannan tambayar, ba ni ake yi wa ba. Da ta matsa, na faɗi biyu na maƙale, sai na kore ta daga aiki.

Ta fita da su waje ta yi musu bayani. Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma gigin tsufa ba. Ruɗewa ce ta farat ɗaya da kan kama tsofaffi bayan aiki, kuma tana da dalili, sai an nemo shi. Shirun jiya ma, in ji ta, shi ne farkonta, shi aka fi kasa ganewa. Aka gwada fitsari aka sami ƙwayar cuta, jikina ya bushe, maganin ciwon kuma ya yi mini ƙarfi. Wata nas ta kawo shawarar a ɗaure mini hannu a jikin gado. Likitar ta ce a'a, a kawo wanda na sani ya zauna kusa da ni. Ni kam a zamanina na ɗaure mutane, na rubuta musu "ba ta da haɗin kai", na sa hannu.

Aka mayar da ni bakin taga, aka dawo mini da idona da kunnena, aka kafa agogo a gabana. Mijina ya tare a kujera tun safe har yamma da kofin ruwa, yana gaya mini ranar da muke ciki da inda nake. In na ce ina bakin aiki, ya ce a'a, kin karye ne, sha. In ce to. Ya ce tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa gyara mini magana sau ashirin a rana ina cewa to ba, har ya ji kamar kada a sallame mu.

Rana ta takwas na buɗe ido na ga mijina, na san shi ne. Na tambaye shi me ya sa rigarsa ba guga.

"Alhamdu lillahi," in ji shi, ya share ido. "Ta dawo."

Kafin a sallami tsohuwar gado na biyar na sa aka tura ni wajenta, na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta ma ji daɗi, don rabon da wani ya ga ta isa yin aiki an fi shekara goma.

Kwana biyar ɗin nan sun zama ashirin da uku. Kwanciyar ta cinye mini ƙafa, na fito da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Likitar ba ta ɓoye mini ba, ta ce kai yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita, wasu ma ba ya komawa yadda yake. Wata uku na yi ba na iya bin labarai a rediyo har ƙarshe. Sau biyu na bar tukunya a wuta, sai 'yata ta karɓe girki ba tare da neman izinina ba.

Yanzu wata tara ke nan. Ina kai kaina bakin ƙofar gida da sanda, in huta, in dawo. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta duk abin da ba na son in manta. Littafin ne dai ba ya zama wuri ɗaya. Jiya mijina ya tsinto shi a cikin firij, ya miƙo mini da sanyinsa.