Faɗin Katakon Warra

Damina na kamawa Inna Tabawa ta aiko wa ɗanta Bilyaminu saƙo daga tungarsu da ke kan gungu, can tsakiyar ruwa, cewa jikin wansa Sufyanu ya ƙi. Ciwon suga ya riga ya tafi da idanunsa biyu, yanzu kuma ya gangara ƙafa. Ba ya roƙon nama, ba ya roƙon asibiti. Abu ɗaya yake ta nanatawa: a kawo masa babur ɗinsa, a tada shi a ƙofar ɗaki, ya sake jin kukansa.

Babur ɗin ba irin na 'yan kabu-kabu ba ne. Jan babur ne na tsere mai ƙusumbin tanki, wanda in za ka hau sai ka duƙa a kansa kamar mai leƙen rijiya. Sufyanu ya saye shi na hannu tun yana fataucin busasshen kifi, kuma a zamaninsa babu wanda bai san kukansa ba daga Shanga har Warra. A kwatar Warra akwai wani dogon katako da ake jinginawa a bakin jirgi don shigar da babura, an buga masa sanduna biyu a gefe da gefe, taya ta bi ta tsakiyarsu. Kowa turawa yake yi. Sufyanu kaɗai ke hawa katakon yana kan babur, injin na ruri, mata masu tallar kifi suna salati. In ya sauka sai ya mari tayar baya ya ce, "Wata rana sai na sa mai mai hwaɗi, irin ta manya." Ya faɗi haka har mutane suka daina dariya, bai kuwa taɓa sawa ba.

Tun da idon ya tafi, babur ɗin yake zauren Bilyaminu a Yelwa, rufe da tamfol. Ranar da saƙo ya iso ya tura shi garejin Tamada bakanike. Aka sa sabon batir, aka canza filogi da baƙin mai, aka wanke kafireto. Taɓawa ɗaya ya tashi, har kajin maƙwabta suka watse. Da Bilyaminu ya kama hanyar Warra a ranar, da babu labarin da za a ba ku. Amma ya tsaya yana kallon tayar baya, siririya, ta suɗe, sai zuciyarsa ta ce masa kai wa Yaya kuka kawai rowa ce. Makaho ai yana da hannu. Ya shafa ya ji abin da ya shekara yana mafarki.

"Malam Tamada, so nike a sa mai taya mai hwaɗi, lamba ɗari da tamanin," in ji shi.

Tamada ya ɗago daga ƙarƙashin wani babur, ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗari da tamanin? Bisa rim wanga? Ɗari da talatin ta na asali. In ka matsa babbar taya cikin siririn rim, ƙullewa takai awa ƙwai, wurin da ka taɓa ƙasa shi ƙara raguwa. Kana shiga kwana ta kada ka."

"To a canza rim ɗin."

"Ko an canza, dubi nan." Ya sa yatsa tsakanin taya da sarƙa, sannan tsakanin taya da ƙarfen nan mai baki biyu da ke riƙe da ita. "Ɗari da sittin ita ta iyaka. Ita ma sai an samo rim da ya dace, a gyara zaman sarƙa."

Tamada mutum ne mai tsoron Allah a sana'arsa, wannan ita ce masifar. Da ɗan cuwa-cuwa ne, da ya ƙaƙaba tayar a wuni ɗaya kowa ya huta. Shi kuwa sai da ya buga waya Kontagora, ya buga Kaduna. Rim na farko da aka aiko ramin tsakiyarsa bai yi daidai ba, aka mayar. Na biyu ya zauna, amma faifan birki ya ƙi haɗuwa. Aka kai wa mai injin fiƙe ƙarfe, ya yi musu zobba, aka matsar da haƙoran sarƙa waje kaɗan. Duk wannan ana yi, shinkafa na tsawo a fadama, ruwan tafki na ƙara hawa.

Inna takan hau tudu inda ake samun sabis ta kira shi. "Bilya, yaushe zaka taho? Kullum in jirgi ya tsaya sai shi ce in yi shiru shi saurara."

"Inna, saura kaɗan. Ki ce mai akwai abin mamaki."

"Ɗan nan, ba mamaki shika so ba."

Maganar ta soke shi, ya kwana biyu ba ya jin daɗin tuwo. Amma rim na kwance a gareji, babur na tsaye a kan bulo babu ƙafar baya, komawa ta fi ci gaba wuya.

Ranar da aka gama, gaskiya abin ya yi kyau. Tayar ta cika bayan babur ɗin taf, baƙa wuluk, tana ƙamshin sabuwar roba. Tamada ya juya ta da hannu ya kasa kunne, babu inda take gogar sarƙa. Ya gargaɗi Bilyaminu cewa zai ji babur ya yi nauyin juyawa a kwana, kada ya yi gardama da shi. Bilyaminu ya bi hanyar Warra a hankali, yana kauce wa ramuka, yana ta shirya yadda zai kama hannun wansa ya ɗora a kan tayar ba tare da ya ce komai ba. Rabon da ya ji farin ciki irin wannan tun kafin idon Sufyanu ya rufe.

Ya iske kwata cike da masu komowa daga kasuwa. Ruwa ya kawo sosai, har ya shanye wurin da masu suyar kifi ke zama da rani, bakin gaɓar ya yi zurfi. Sahabi mai jirgi, tsohon abokin Sufyanu, yana ganin jan babur ya ɗora hannu a ka. "Lale! Yau tunga za ta ji abin da ta manta." Ya jawo katako ya jingina da kansa.

Katakon nan Bilyaminu ya tura babura a kansa tun yana yaro, ya san shi kamar dokin ƙofar gidansu, shi ya sa bai ko dube shi ba. Sahabi ma babur yake kallo. An auna sarƙa, an auna birki, an auna ƙarfe, ba wanda ya tuna da katako. Saboda nauyi, Bilyaminu ya bar injin a kunne, yana tafe a gefe yana ba shi wuta kaɗan-kaɗan. Tayar gaba ta shige tsakanin sanduna lafiya lau. Ta baya ta zo ta ƙi shiga, ta hau kan sanda guda, jiƙaƙƙiya mai santsi, ta yi taku biyu a kai, sannan ta goce.

Ya riƙe iya ƙarfinsa har kan babur ya fizge daga hannunsa. Injin na ruri ya shiga ruwa, ya yi wata irin shaƙuwa, ya yi tsit.

Matasa suka faɗa da igiya, aka jawo shi yana zubar da ruwa ta salansa, bututun hayaƙi. Wani mai gyaran injin jirgi ya cire filogi, ya gwada juya injin, ya ƙi motsi. Ya ce ya sha ruwa yana gudu, wani ƙarfe ya lanƙwashe a ciki, sai an buɗe shi gaba ɗaya, kayan kuma ba a Warra ba. Bilyaminu ya zauna a laka da rigarsa ta Juma'a. Sahabi ya sa aka ɗaga babur da hannu aka kwantar a jirgi kan buhunan gishiri.

La'asar ta yi sanyi suka tura shi har ƙofar ɗakin. An fito da Sufyanu kan tabarma, ya rame har Bilyaminu ya kau da kai. Ƙafar na naɗe da tsumma.

"Ban ji shigowarku ba," in ji Sufyanu. "Turo shi kunka yi?"

Ya miƙa hannu yana lalube, ya sami salansa, sanyi ƙalau, ya bi ta har ya kai ga taya. Ya shafa ta. Ya buɗe tafinsa ya auna faɗinta, ya sake aunawa. Ruwa na ɗiga masa a wuyan hannu.

"Ɗari da sittin," ya ce a hankali. "Rim ma kun canza. Aiki ya yi kyau, Bilya." Hannunsa na kan robar. "Katakon Warra na, ko?"

"Shi na, Yaya."

"Ni nib buga sandunan ga, shekarar da nis sayo shi. Da tayar baya nig gwada hwaɗin." Ya ɗan yi murmushi. "Shi ya sa ban taɓa canza ta ba. Zancen mai hwaɗi, hwaɗi kawai nike yi."

Inna ta juya ta shige ɗaki. Bilyaminu ya durƙusa a gefen tabarmar.

"Danna dai," in ji Sufyanu, ya karkato da kunnensa wajen injin. "Ko da ɗan tari shi yi."

Bilyaminu ya danna maɓallin tada inji. Wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin kujera, shi ke nan. Sufyanu bai janye kunnen ba, yana jira.