Yadda Na Sauko wa Barau da Asibiti

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya kai ni wani gari, ya ba ni aikin 'yata Zulai. Ita ce ke ba hukumomi shawara a kan tsarin kiwon lafiyar masu buƙata ta musamman. Ni kuwa shekara talatin da huɗu ina haɗa keken guragu a bakin kasuwa, bokona bai wuce rubuta sunana ba. Amma aka rataya mini kati a wuya aka ce ni ne Babban Mashawarci. Ban yi musu ba. Na ga waɗanda ba su kai ni ba an rataya musu.

Asibitin garin bene ne hawa tara, likita yana can ƙoli. A ƙasa na tarar da Barau, abokina tun muna samari, zaune a keken da na ƙera masa, ƙafarsa ta kumbura kamar kabewa. Lambarsa goma sha bakwai. Ya ce in aka kira bai shiga ba, sai baɗi, ƙafar kuma ba za ta kai baɗi ba. Lasifika ta kira goma sha ɗaya. Matakalar wurin in ka dube ta sai ta haifi wata.

Sai ga ni a ɗakin taro, hawa na takwas. Darakta shamuwa ce, da tabarau. 'Yan kwamiti balbelu da tattabaru, sakatare hankaka. Kowa ta taga ya shigo. A garin nan shayi sama yake zuba, ba ƙasa ba, don haka muka kife kofuna muka tara. Ya yi daɗi ƙwarai.

Shamuwa ta ce shekara uku suna binciken abin da ya hana guragu zuwa wurin likita, sun kuma gano rashin wayar da kai ne. Za a shirya musu bitar kwana biyu a koya musu tashi. Aka tafa da fukafukai. Ni ma na tafa, don ina da ladabi. Sannan na tambaya ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa shigowa ta ƙofa. Hankaka ya duba fayil ya ce ƙofa ba ta cikin ajanda.

Lasifika ta kira goma sha huɗu. Muryar Barau ta hauro ta taga.

"Kai Mashawarci, tsohon banza, sai na mutu za ku sauko a yi hoto?"

"Ranka ya daɗe," in ji shamuwa, "rahotonka muke jira. Shafi ɗari."

Na ce mata na manto shi a ƙasa.

Na zagaya ginin yadda nake zagaya keken da aka kawo gyara, hannu a baya. Na san duk abin da ya yi tsawo haka da iska a cikinsa. Ai kuwa ga bawul irin na taya a bayan famfon ruwa. Na soka tsinken ashana. Asibiti ya yi tsaki mai tsawo ya fara zama, hawa bayan hawa, kamar ana jibge tabarmi. Fayiloli suka tashi sama, tsuntsaye suka bi su, hankaka yana shawagi yana rubuta cewa shawarar kwamiti ce. Na yi ta dariya har hulata ta faɗi, ta nufi gajimare.

Ɗakin likita ya sauko daidai gabanmu. Likitan ya leƙo, gemu har ciki, ya ce shekara uku bai ga marar lafiya ba, har ya ɗauka kowa ya warke. Lasifika ta kira goma sha bakwai. Barau ya murza keke da duk ƙarfin hannunsa, ina gudu a bayansa. Ashe saura matakala ɗaya, tsawonta yatsa huɗu kacal. Tayar gaba ta doke ta. Ƙwas. Ya ja baya ya sake. Ƙwas.

Na buɗe ido. Barau ne yake buga tayarsa a dokin ƙofata, rana ta fito. Ya ce yau Talata, in tashi mu nemo mutum uku da za su taya ni ɗaga shi a matakalar asibitin unguwa, kamar kullum. Na ce ba za mu nemi kowa ba. Na sa abin awo a aljihu, na jawo fallen ƙarfen da ke jingine a zaure, wanda za mu shimfiɗa wa keken a kan matakalar, na ɗora masa a cinya.