Ƙwayar Marlene da ta Wendell

Wendell Haskins ya je gidan ƙanwarsa Marlene ne don ya gyara mata famfon kicin da ke ɗiga. Yana goge hannu sai idonsa ya faɗa kan wata kwalbar magani a bakin taga. Sunan da ke jikinta ba baƙo ba ne a wurinsa, maganin rage kitse a jini ne, irin wanda likita ya ɗora shi a kai tun da ya yi ritaya daga kamfanin taya a birnin Akron.

"Ke ma kin shigo layinmu ke nan," in ji shi. "Nawa suke yankar ki?"

"Dala tara a wata."

Wendell ya yi dariya. Shi da ke da inshorar da ya yi shekara talatin yana wa gumi, arba'in yake biya. Marlene kuwa gyaran gashi take yi a wani ɗaki a cikin gidanta, ba ta da inshorar kowa.

"To alli suke sayar miki."

"Allin ne ya sauko min da kitsen. Kai naka na masu kuɗi me ya sauke? Dubi tumbinka."

Ta zaro wani kati daga jaka ta cilla masa. Katin rangwame ne, ta ce a ɗakin jiran likita ta tsince shi, an zube su a tire kamar alewa. Ba ta biya ko sisi ba, ba ta cike komai ba.

Abin ya tsaya wa Wendell a rai. Ya roƙi ƙwaya ɗaya, ya kai gida, ya ajiye ta kusa da tasa a kan farin faranti, ya sa tabarau. Launi ɗaya, girma ɗaya, har lambar da aka buga a jiki ɗaya. Matarsa Joyce ta leƙo ta ce in ya gama binciken tana son farantinta.

Washegari ya tafi kantin maganin unguwarsu da katin a aljihu. Ya jira layi ya ragu, sannan ya miƙa wa Denise, mai ba da magani, wadda ta daɗe da saninsa.

"Duba min wannan. Nawa zai kama?"

Ta danna na'urarta. "Sha ɗaya, Mista Haskins."

"Ƙanwata tara take biya."

"Ba a nan take saye ba. Kowane kanti da farashinsa."

"To wa ke cike sauran? Ni ban taɓa ganin kyautar da babu igiya a wuyanta ba."

Denise ta ce babu mai cikewa. Masu katin sun yi ciniki ne da kantuna, duk wanda ya saya da shi sai a ɗan yaga musu wani abu, kuma suna sanin maganin da mutum ke sha. Ta ƙara da cewa abin da ya biya da kati ba zai shiga lissafin inshorarsa ba, don haka ya yi tunani.

"Amma ainihin kuɗin ƙwayar nawa ne?"

Ta yi murmushi. "In ka gano, ka zo ka faɗa min."

Bai ji haushi ba, sai ma ƙara son sani da ya yi. Ya sa ta gwada katin a kan maganin hawan jinin Joyce, sai ga shi inshora ta fi araha a nan. Makon nan kaf ya yi ta buga wa kantuna waya, kowa da abin da yake faɗa. Daga ƙarshe ya tsayar da shawara: nasa da kati, na Joyce da inshora. Marlene da ta ji ta ce ladan shawararta shi ne ya zo ya duba mata injin wanki.

Da wata ya zagayo, yana kan layi ya ga wani dattijo a bayansa riƙe da takardar likita. Wendell ya nuna masa katin, ya fara bayani.

"Na gode, ɗan'uwa," in ji dattijon, "amma ni ba na biyan komai. Na matata na zo karɓa."

Wendell ya bar wata mata ta wuce gabansa, ya juyo sosai.

"Ba ka biyan komai? Tsaya tukuna. Yaya aka yi?"